Ana Jin Ta, Ba a Ganin Ta: June Foray da Sana'ar Ɗora Murya a Katun ɗin Amurka

Duk wanda ya taso yana kallon Tom and Jerry ya san matar nan da ba a nuna fuskarta. Ƙafafu kawai ake gani, da silifas, da gefen siket, wani lokaci da tsintsiya a hannu, sai wata murya mai kauri ta faɗo daga sama tana yi wa muzurun nan faɗa saboda ɓarnar da ya yi a gida. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, aƙalla mata uku ne suka riƙe muryar nan a lokuta daban-daban. Ta farko ita ce Lillian Randolph, baƙar fata, 'yar wasan rediyo da fim, wadda ta yi aikin tun daga farkon shekarun 1940 har zuwa 1952. A shekarun 1960, da aka tashi nuna tsofaffin faifan a talabijin, sai aka sake zana matar a wasu daga cikinsu ta koma farar fata, aka cire muryar Randolph aka sa ta June Foray da karin harshen mutanen Ailan. A shekarun 1990 kuma aka sake ɗora wata muryar, ta 'yar wasan barkwanci Thea Vidale. Wanda ya kalli katun ɗin a akwatin gidansu ba shi da hanyar sanin wacce ya ji a cikinsu, domin sunan Randolph bai fito a rubutun farkon fim ɗin ba.

Sana'ar ɗora murya ke nan a Amurka, musamman ɓangaren mata. Ƙwarewa a cikinta ita ce mai yin ta ta ɓace, a daina jin mace mai shekara arba'in a gaban makirufo, a ji kurege ko mayya ko yaro ɗan shekara goma. Ɓacewar nan da ta zama ma'aunin gwaninta ita ce kuma ƙofar da aka bi aka hana su suna da haƙƙi na tsawon shekaru. Babu wadda rayuwarta ta nuna fuskokin nan biyu kamar June Foray, wadda ta yi fiye da shekara tamanin tana aikin.

An haife ta a garin Springfield na jihar Massachusetts ranar 18 ga Satumba, 1917. Tana da shekara 12 aka fara jin muryarta a wasan kwaikwayon wani gidan rediyo na garinsu. Da ta kai 17 iyayenta suka koma Los Angeles, can ta ci gaba da rediyo, har ta riƙa gabatar da shirin yara mai suna Lady Make Believe wanda ita ke rubuta labaransa. Gajeriya ce ƙwarai, ba ta cika ƙafa biyar ba, kuma Hollywood ta wancan zamani ba ta cika ba mace irinta babban matsayi a gaban kyamara ba. A rediyo kuwa ba ruwan kowa da tsayi. Can ne aka horar da kusan duk manyan masu muryar katun na farko, irin su Mel Blanc da Bea Benaderet da Daws Butler. Shiri ne da ake yi kai tsaye, kuɗin ɗaukar 'yan wasa kaɗan ne, don haka wanda zai iya zama mutum huɗu a rabin awa ya fi samun aiki. Mutum na tsaye da takarda a hannu, idan zai nuna ya yi nisa sai ya ja baya daga makirufo, idan zai yi raɗa ya matso. Komai na hali, tsufa ne ko yarinta, wayo ne ko wauta, dole ya fito ta maƙogwaro da numfashi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan fasaha. Tsohuwar da ta iya tatsuniya, idan ta zo kan Gizo takan sauya harshe ta yi tsamin baki, idan ta zo kan Kura ta kumbura murya, yaran kuma ba sa buƙatar a ce musu ga wanda ke magana. Abin da Amurkawa suka yi shi ne suka mayar da wannan sana'ar da ake biya, mai ƙungiya da kwantiragi, suka haɗa ta da zane.

Yadda ake haɗawar yana da muhimmanci ga duk wanda zai auna aikin. A yawancin situdiyon Amurka, murya ake fara ɗauka, sannan a yi zane. Wani ma'aikaci zai zauna da faifan yana lissafa inda kowane sauti ya faɗa a cikin hotuna 24 da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ya rubuta a takarda, mai zane ya bi takardar yana buɗe baki yana rufewa. Ba leɓe kaɗai yake bi ba. Idan mai muryar ta ɗan yi jinkiri kafin ta furta kalma, sai ya zana ido ya juya; idan ta ja numfashi da ƙarfi, sai ya ɗaga kafaɗa. Ke nan motsin jikin da muke yaba wa mai zane, rabinsa daga bakin wata mace ya fito watanni kafin a ɗauki fensir. Kamfanin 'yan'uwan Fleischer na Niyok ne ya fi saɓa wa wannan tsari a shekarun 1930, inda sau da yawa ake gama zane kafin a ɗora murya, shi ya sa za ka ji Popeye yana ta gunaguni bakinsa a rufe.

A 1950 Foray ta yi muzurun nan Lucifer a fim ɗin Cinderella na Disney. Ba ya furta kalma ko ɗaya, sai gurnani da huci da wata 'yar dariyar mugunta, amma duk wanda ya kalla ya san halinsa. A 1955 ta karɓi tsohuwar nan mai kula da tsuntsu Tweety daga hannun Bea Benaderet. Shekarunta ba su kai 40 ba a lokacin, kuma ta riƙe tsohuwar har ta haura 90. A 1956 ta yi mayya Hazel a katun ɗin Broom-Stick Bunny na Chuck Jones, mayyar da idan ta ƙyalƙyale da dariya ta zabura da gudu sai ta bar filolin gashinta suna juyi a iska. Dariyar ce ta ɗauki katun ɗin gaba ɗaya, dariya ce ta mai jin daɗin muguntarta kamar yarinya. Amma sunan mutum ɗaya ne ya fito a matsayin mai murya: Mel Blanc. Tun 1944 ya samu yarjejeniya da Warner, kamfanin da ke yin katun ɗin, cewa za a riƙa rubuta sunansa, sauran abokan aikinsa kuwa suka yi shekaru ba a ambatonsu. Blanc gwani ne na gaske, ba a ja. Sai dai matan da suka yi tsofaffi da mayu da 'yan mata a gefensa, kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Kafin su ma, Adriana Caselotti da ta yi magana da waƙar Snow White a 1937 ba a sa sunanta ba, kuma abin da aka biya ta bai kai dala dubu ba. Chuck Jones ya san inda gaskiyar take. An ruwaito cewa da aka kira Foray Mel Blanc ta mata, sai ya juya maganar ya ce Blanc ne June Foray na maza.

Aikin da ya fi bayyana zurfinta shi ne shirin Rocky da Bullwinkle, wanda Jay Ward ya fara a tashar ABC a Nuwamban 1959, ya koma NBC a 1961. Kuɗin shirin kaɗan ne, a Meziko ake yin yawancin zanen don a rage tsada, kuma zanen ba shi da kyau: mutum na tsaye ƙiƙam, baki kawai ke motsi, wani lokaci launin riga ya sauya a tsakiyar magana. Jones yakan kira irin wannan katun na talabijin rediyo mai hoto, kuma da raini yake faɗa. Ni a ganina, ga shirin Ward wannan yabo ne. Da zane ya gaza, sai nauyin ya dawo kan rubutu da murya, kuma mutanen da aka tara yawancinsu 'yan rediyo ne: Bill Scott, Paul Frees, William Conrad, Daws Butler, da Foray. Tare suke tsayawa su karanta, kowa na jin kowa, shi ya sa maganar ke gudu tana cafkar juna. Foray ce Rocky, kurege mai tashi sama, yaro mai gaskiya da saurin yarda da mutane, muryarsa a sama, a buɗe, ba ɓoye-ɓoye. Ita ce kuma Natasha, 'yar leƙen asiri mai karin harshen Rasha, muryarta a ƙasa, tana jan kalma kamar ba ta son sakin ta. Akwai wuraren da Natasha ke yaudarar Rocky, wato mace ɗaya ke yin mai yaudara da wanda ake yaudara a jere. Wahalar ba a sauya sauti take ba, yara ma suna iya kwaikwayon murya. Wahalar ita ce Rocky ya yarda da gaske alhali bakin da ke furta yardar ya san ƙaryar da ya gama yi daƙiƙa biyu da suka wuce. Wannan wasan kwaikwayo ne cikakke, kuma duk mai cewa ɗora murya ƙaramin aiki ne ya saurari wuraren nan.

Akwai wani misali da ya fi wannan kaifi. A 1960 kamfanin Mattel ya fitar da 'yar tsana Chatty Cathy, wadda ake jan zare a bayanta ta yi magana, kuma muryar Foray ce a ciki, tana faɗin kalmomin ƙauna ga yaran Amurka. A 1963 masu shirin The Twilight Zone suka ɗauke ta ta yi wata 'yar tsanar, Talky Tina, wadda ke gaya wa mijin uwar yarinyar da ta mallake ta cewa za ta kashe shi. Foray ba ta sa muryar tsoro ba. Zaƙin nan na Cathy ta riƙe, da fara'ar nan, ta furta barazanar kisa da su. Abin da ya sa mutane ba su manta shirin ba ke nan. Ta gane cewa idan ta ƙara wani abu za ta ɓata, kuma sanin inda za a tsaya ya fi yawan muryoyi wuyar samu.

Rocky ya shiga cikin wata al'ada da ta kafu sosai, ta mata manya su yi muryar yara maza. Dalilin a fili yake: yaro na gaske muryarsa na fashewa idan ya balaga, doka kuma ta iyakance awoyin da zai yi aiki, shirin talabijin kuwa yana iya ɗaukar shekara goma. Masu katun ɗin Peanuts sun zaɓi yara na gaske tun 1965, sai ya zama dole su riƙa sauya su. Mace kuwa za ta riƙe yaro ɗan shekara goma har ta yi jikoki. Nancy Cartwright, 'yar jihar Ohio da aka haifa a 1957, wadda Daws Butler ya horar, ta je gwaji a 1987 don ta yi Lisa a gajerun katun ɗin The Simpsons, ta ga bayanin Bart ya fi burge ta, ta nemi a bar ta ta gwada shi, aka ba ta nan take. Har yau ita ce Bart, ita ce kuma Nelson mai cin zali da Ralph mai wauta. A farkon shirin tashar Fox ba ta son a yayata cewa mace ce ke yin Bart. Pamela Adlon ta ci lambar Emmy a 2002 da muryar Bobby Hill, Christine Cavanaugh kuma ta yi Dexter da Chuckie. Hoton yarintar namiji da duniya ta ɗauka daga katun ɗin Amurka, da rashin jinsa da tsoronsa, mata ne suka gina kaso mai yawa nasa, kuma ina ganin shi ya sa yaran nan ke da wani taushi a ƙarƙashin fitinarsu.

To muryar ta wace ce? Tambayar ta isa kotu tun da wuri. Mae Questel ta ci gasar kwaikwayon mawaƙiya Helen Kane tana da shekara 17, daga nan Fleischer ya ɗauke ta ta zama Betty Boop a 1931, daga baya kuma Olive Oyl. A 1932 Kane ta kai ƙara tana neman dala 250,000, tana cewa an sace mata salon waƙa da kamanni. A 1934 ta faɗi, bayan an kawo shaidar cewa wata ƙaramar yarinya baƙar fata da ake kira Baby Esther ta riga ta yin irin salon. Kamfanin ya tsira da dukiyarsa, kuma ba a ba yarinyar da aka kafa hujja da ita komai ba. Sai a 1988, a shari'ar Bette Midler da kamfanin Ford wanda ya sa wata ta kwaikwayi muryarta a talla, kotun ɗaukaka ƙara ta amince cewa fitacciyar murya abu ne da mai ita ke da haƙƙi a kansa.

A nan batun Lillian Randolph ke da nauyi. Matar nan ta Tom and Jerry an zana ta ne a kan tsohon hoton raini na baƙar mace mai aikin gida, da turancin da aka lanƙwasa don a yi dariya, kuma ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta yi gaskiya da ta yi ƙorafi. Amma gyaran da aka yi a shekarun 1960 bai taɓa waɗanda suka zana rainin ba. Abin da ya goge shi ne aikin baƙar mace ɗaya tilo da ke cikin katun ɗin, wadda ta sa iko da zafi a muryar har ta zama ita ce mai gida a kunnen duk yaron da ya ji ta. Foray aiki aka ba ta ta yi, ba ita ta yanke shawarar ba. Duk da haka ba daidai ba ne a ba da tarihinta a tsallake wannan, domin ya nuna cewa macen da aka ɓoye sunanta ita ma an yi amfani da gwanintarta an shafe wata. Maganar ta sake tashi a 2020, lokacin da Jenny Slate ta ajiye muryar Missy, yarinya mai jinin baƙar fata a shirin Big Mouth, aka ba Ayo Edebiri, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. Wasu sun ce hakan ya karya asalin sana'ar, tunda mace na yin yaro, mutum na yin kurege. Hujjar tana da ƙarfi a fannin fasaha. Sai dai ta manta da wanda ake buɗe wa ƙofar situdiyo tun farko: 'yancin zama kowa ya daɗe yana aiki ta ɓangare ɗaya.

Abin da ya bambanta Foray da sauran gwanaye shi ne ba ta tsaya a makirufo ba. Tana cikin jagororin ƙungiyar masu katun ta ASIFA reshen Hollywood, kuma ita ta kawo shawarar lambar yabo ta Annie a 1972, da ta ga babu wani taro da ake karrama masu wannan aiki. Max da Dave Fleischer aka fara karramawa. Ta yi shekaru a majalisar gudanarwar hukumar Oscar tana matsa lamba a ware wa dogon fim ɗin katun rukuninsa, har aka yi, aka fara bayarwa a 2002. Ita kanta ba ta samu Emmy ba sai a 2012, tana da shekara 94, da wani matsayi a The Garfield Show. Masu The Simpsons kuwa sun ci moriyar zamanin da ya sauya: an ƙirƙiri Emmy na ɗora murya a 1992, kuma da Fox ta yi barazanar maye gurbinsu a 1998 suka dage, kuɗin kowane shiri ya tashi daga dala 30,000 zuwa 125,000, ya kai kusan 400,000 a 2008. Amma su kaɗan ne. Yawancin masu sana'ar kuɗin zama ɗaya ake biyan su.

Darajar da katun ya samu ta zo da nata ciwon. Tun da Robin Williams ya yi aljani a Aladdin a 1992, kamfanoni suka gane cewa sunan tauraro a allon talla yana sayar da tikiti. Shrek, fim ɗin da ya fara cin Oscar ɗin da Foray ta yi wa fafutuka, Mike Myers da Eddie Murphy da Cameron Diaz ne a gabansa. Wasu taurarin sun iya, Murphy na cikinsu. Da yawa kuwa muryarsu ta yau da kullum suke kawowa, ana so ma a gane su, wanda shi ne kishiyar abin da sana'ar ta ginu a kai. Ƙwararrun da suka yi shekara talatin suna koyon ɓacewa sai a bar musu 'yan ƙananan matsayi. Masu kallon finafinan Indiya da aka fassara a Kano sun san wani abu makamancin haka: kowa ya san jarumar da ke kan allo da sunan kamfanin da ya yi fassarar, amma ba kowa ne zai faɗi sunan matar da ta yi kukan da ya sa shi hawaye ba, alhali aikinta ya fi tsauri, tunda ita dole ta bi leɓen da aka riga aka ɗauka.

Foray ta rasu ranar 26 ga Yuli, 2017, saura ƙasa da wata biyu ta cika shekara 100. Shekara shida bayan haka ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta yi yajin aiki na kwana 118, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne manhajojin kwamfuta da ke iya koyon muryar mutum daga tsofaffin faifai su furta abin da bai taɓa faɗa ba. Yarjejeniyar da aka cimma ta ce sai da izini da biya, kuma a 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ce ko wanda ya mutu sai an nemi yardar magadansa. Ga Foray wannan zai yi aiki, domin an san ayyukanta. Amma kafin a nemi magada sai an san mai muryar, kuma ɗaruruwan katun na shekarun 1930 zuwa 1950 ba su da suna a jikinsu. Keith Scott, ɗan Ostareliya da ya yi Bullwinkle tare da Foray a fim ɗin shekarar 2000, ya shafe shekaru yana bin takardun situdiyo yana kwatanta faifan rediyo da na katun da kunnensa, har ya fitar da littafi a 2022 da ya mayar wa mutane da yawa sunayensu. Akwai muryoyin mata a cikin faifan nan da har yanzu ba a tantance masu su ba.